Yadda ake raba musun Balarabe Musa a teburin mai shayi

Shekara 32 na yi ina koyar da tarihi a makarantun sakandare, daga Dutsin-ma zuwa Daura zuwa nan cikin Katsina. Tun da na ajiye alli kuwa, aikin da ya fi cinye mini dare shi ne rabon musu. Muna da majalisa wajen wani mai shayi kusa da Ƙofar Ƙaura, benci biyu da tabarma ɗaya, muna haɗuwa bayan isha'i. Akwai tsoffin ma'aikata, akwai direban da ya bar tuƙi saboda ido, akwai samarin da ke zuwa cajin waya su tsaya sauraro. Musun ƙwallo yana mutuwa da kansa, na tsadar taki ma haka. Wanda ya ƙi mutuwa shi ne na marigayi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, gwamnan tsohuwar jihar Kaduna da majalisa ta tsige a 1981.

Duk watan Nuwamba sai ya taso, don ranar 11 ga watan ne ya rasu a 2020, samari su cika Facebook da hotonsa. Wannan ya rubuta gwamnan talakawa da aka zalunta, wancan ya mayar masa da cewa mai taurin kai ne da ya kasa zama da kowa. Daga waya sai maganar ta sauko kan benci. Na ga abokai na shekara arba'in sun tashi ba sallama a kanta. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda nake tafiyar da wannan musu, ko wani malami mai shirya wa ɗalibai muhawara, ko wani dattijon majalisa, zai tsinci abin da ya yi masa.

Ka fara cire hularka

Kafin ka ce uffan, ka faɗa wa mutane inda ka tsaya a lokacin, ko inda gidanku ya tsaya. Ni a 1979 ina da shekara 22, ina sabon malami, kuma mabuɗi, alamar jam'iyyar PRP ta su Balarabe, na jefa wa ƙuri'a. Ɗan PRP ne ni, na yi ta kiran Nasara har muryata ta dushe. Kawuna da ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina kuwa ɗan gani-kashe-nin NPN ne, babbar abokiyar hamayyarmu, tutar gida da masara tana kaɗawa a ƙofar zaurensa, kuma da Aminci yake amsa gaisuwar abokansa. Kwano ɗaya muke ci da dare, amma wata uku muka yi ba mai ɗaga ido ya dubi ɗan'uwansa.

In ka ɓoye irin wannan za a tono, Katsina ba ta kai girman da mutum zai ɓoye gidan da ya fito ba. In kuwa ka faɗa da bakinka, ka karɓe sandar daga hannun mai shirin dukanka da ita. Samarin da ba a haife su ba a lokacin su ma ina sa su faɗi inda suka ji labarin, a bakin kaka ne ko a waya.

Kofi uku da cokali ɗaya

Abin da ke ɓata wannan musu shi ne tambayoyi da yawa ake tusa wa cikin buhu ɗaya. Wani yana maganar cewa mutumin bai ci kuɗin jama'a ba, wani yana maganar kwamishinoni, wani yana maganar tsigewa, kowa yana ganin ɗan'uwansa ya kauce. Don haka nakan roƙi mai shayi ya ba ni kofi uku da ba kowa a ciki, da cokali ɗaya. Kofi na farko shi ne yadda ya shiga, na biyu yadda ya zauna, na uku yadda aka fitar da shi. Kofin da cokali yake ciki, shi kaɗai ake magana a kai. Wanda ya tsallaka zuwa wani kofin, shi zai biya kuɗin shayin na kusa da shi. Da wasa muka fara, amma babu dokar da ta taɓa aiki a majalisarmu kamar wannan, saboda tsohon ma'aikaci mai jiran fansho ba ya wasa da kuɗin shayi.

Maganar halinsa kuma, ka sallama ta tun daga farko, kar ta ci maka lokaci. A bencinmu ko tsoffin 'yan NPN ba su taɓa cewa ya tara gidaje da dukiyar jama'a ba. Akanta ne da ya san lissafi, ya yi zamansa cikin sauƙin kai har ya koma ga Allah yana da shekara 84. Sai dai mutum na iya zama mai gaskiya a aljihu ya kuma yi kuskure a kan kujera, kuma yawancin faɗan da nake rabawa daga haɗa waɗannan biyun yake tashi.

Mako ɗaya a watan Yuli

A kofi na farko kalanda za ka kawo. Zaɓen 1979 ba a rana ɗaya aka yi shi ba, Asabar bayan Asabar aka bi. Ranar 21 ga Yuli aka zaɓi 'yan majalisun jihohi, ranar 28 ga Yuli aka zaɓi gwamnoni, na shugaban ƙasa ya zo ranar 11 ga Agusta. Jihar Kaduna ta wancan lokacin ta taso tun daga Jibiya da Daura har Kafanchan, don sai ranar 23 ga Satumba 1987 aka yanke mana jihar Katsina. A Asabar ta farko mutanen wannan jiha suka ba NPN kujeru sama da 60 cikin 99 na majalisa. Da Asabar ta zagayo, mutanen nan dai suka bar ɗan takarar NPN, Alhaji Lawal Kaita, ɗan ƙasarmu ta Katsina, suka ba Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna.

Ka tsaya a nan ka bar mutane su tauna. Ƙuri'ar 'yan PRP zalla ba za ta kai shi ba, ai ga sakamakon majalisa nan ya nuna iyakar ƙarfinsu. Duk mai jin haushin NPN ne ya taru a bayansa, daga sauran jam'iyyu har da wasu na cikin gidan NPN ɗin. Na san dattijo a unguwarmu da ya zaɓi ɗan majalisar NPN saboda ɗan maƙwabcinsa ne, bayan kwana bakwai ya je ya jefa wa mabuɗi saboda yana bin wani hakimi haushin gona. A wurinsa babu wani saɓani, kowace Asabar da lissafinta.

Nan ne saurayi zai miƙe ya ce, Baba, ai talakawa ne suka zaɓe shi. Amsar da nake bayarwa ita ce, gaskiya ne ɗana, su kuma 'yan majalisar aljanu ne suka zaɓe su? In kuma tsohon ɗan NPN ya ce ai tsautsayi ne ya kawo shi, sai in ce, Alhaji, akwatin da ya haifi ɗan majalisarku shi ya haifi gwamnan, ba za ka karɓi ɗa ɗaya ka ce ɗayan shege ne ba. Wannan kofin ba ya ɗaukar minti goma in an bi shi haka. Kowa ya shiga ta ƙofa, ranar 1 ga Oktoba 1979 aka rantsar da shi, kuma daga ranar jihar ta zama gida mai maigida biyu, kowanne da takardar gadonsa a hannu.

Kofin da ya fi zafi

Da cokali ya koma kofi na biyu, ka ba wanda ya taɓa biyan haraji dama ya fara magana. Samarin yanzu suna jin kalmar kamar wani abu ne da ake cira a albashi. Harajin da nake nufi kuɗin kai ne, ana bin kowane baligi ko ya noma ko bai noma ba, mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Jangali kuma na shanu ne, ana ƙirga kai. Ina yaro na ga mahaifina ya ja akuyar mahaifiyata zuwa kasuwa saboda haraji, ya dawo ya naɗe takardar shaidar biya ya cusa cikin hula, don in aka tare mutum a hanya ba ita, sai abin da hali ya yi. Akwai waɗanda ke sulalewa cin rani tun kafin a gama girbi don kar a same su a gida. Akwai Fulanin da ke kora rabin garke cikin daji in sun ji masu ƙirga na tafe.

Da hawansa Balarabe ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Wannan tsohon alkawari ne tun zamanin NEPU, tsohuwar jam'iyyar su Malam Aminu Kano, da kiranta na Sawaba. Wanda bai ga abin da na gani ba, ba zai gane dalilin da ya sa tsofaffin ƙauye ke ambaton sunan mutumin nan da addu'a ba. Amma ka bar ɗaya gefen ma ya faɗi nasa. Kawuna yakan ce, kai yaro, kuɗin da ake gyara rijiya da shi a biya ma'aikatan ƙaramar hukuma, daga sama zai faɗo? Kuma abin da bai faɗa ba, wanda na gane daga baya, shi ne harajin nan igiya ce a hannun masu sarauta. Ranar da aka tsinke ta, dagaci ya rage nauyi a idon talaka. Masu kuka da soke haraji ba duka ne kuɗin ke damunsu ba.

Daga nan sai maganar kwamishinoni, wadda ita ce ƙashin bayan rigimar. Tsarin mulkin 1979 ya ce gwamna ne ke zaɓo sunaye, majalisa ce ke tabbatarwa. Balarabe ya ƙi sa 'yan NPN cikin jerinsa, yana ganin bai yi yaƙi da tsari ba don ya zo ya raba kujeru da masu tsarin. Majalisa kuma ta yi ta mayar masa da sunayen da ya aiko, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Haka ya yi mulkinsa kaf, wata ashirin da 'yan kwanaki, babu kwamishina ko ɗaya. Abin da nake jawo hankalin majalisarmu a kai shi ne, a wannan takun saƙa kowa haƙƙinsa ya riƙe. Doka ba ta tilasta masa ɗaukar ɗan NPN ba, ba ta kuma tilasta musu amincewa da nasa ba. To wa ya kamata ya sassauta? Ka jefa wannan tambayar ka koma gefe ka sha shayinka, za ta ci rabin sa'a, kuma rabin sa'a ce mai amfani, don a nan ne mutane ke daina zagin matattu su fara tunanin abin da su za su yi da a ce su ne a kujerar.

Akwai wani abu da masoyansa ba su son a taɓo, ka taɓo shi a hankali. A 1980 PRP ta dare biyu, santsi na ɓangaren gwamnoni, da taɓo na ɓangaren shugabancin jam'iyya. Gwamnonin PRP biyu, Balarabe da Rimi, sun riƙa zama da gwamnonin wasu jam'iyyun adawa, shugabancin jam'iyya ƙarƙashin Malam Aminu Kano ya hana, suka ƙi bari, aka kore su. Ke nan lokacin da majalisa ta zare wuƙa, gwamnan ba ya tare da jagoran da talakawa suka sani tun 1950. Saurayin da ya manna hoton Malam da na Balarabe gefe da gefe a wayarsa yakan yi shiru in ya ji wannan. Kar ka yi masa dariya. Ni ma santsi na bi a lokacin, kuma har yau in na tuna irin maganganun da muka faɗa wa 'yan taɓo, kunya nake ji.

Sashe na 170

Shekarar 1981 ba mai mantuwa ba ce a Katsina. A watan Maris muka yi rashin Sarki Usman Nagogo, ranar 23 ga Yuni kuma majalisa ta tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Najeriya. A wannan kofin kar ka yarda kowa ya yi magana da ka, a karanto dokar yadda take a lokacin. Sashe na 170 na tsarin mulkin 1979 ya ce kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu bisa uku su amince a bincika, kakakin majalisa ya naɗa mutum bakwai su yi binciken, sannan kashi biyu bisa uku su karɓi rahoton. Babban laifin da ake tsigewa a kansa kuwa ya haɗa da duk abin da majalisar ta ga ya kai babban laifi. Ƙaramin sashe na 10 ya rufe ƙofa, ya ce ba kotun da za ta saurari ƙara a kan lamarin. Ya je kotu, kotu ta ce hannunta a ɗaure yake.

Mai kare majalisa zai ce, to ai an bi doka. Ka ba shi wannan, ya samu. Sannan ka tambaye shi, in mai ƙararka shi ne zai zaɓo alƙalai, shi ne kuma zai fassara abin da ake kira laifi, ya kuma hana ka ɗaukaka ƙara, za ka kwana da daɗi? Najeriya da kanta ta ga gurguntar wannan tsari. A tsarin mulkin 1999, sashe na 188, babban jojin jiha ne ke naɗa mutum bakwai ɗin. Kuma a 2006 kotun ƙoli ta rushe tsige Rashidi Ladoja na Oyo saboda ba a bi matakan ba, ya koma kujerarsa. Balarabe bai samu ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Gargaɗi ga mai raba wannan musu a ƙasar Katsina: ka san su wa ke zaune kafin ka saki baki. Kusan duk manyan 'yan wasan namu ne. Kakakin majalisar da ta yi tsigewar, Mamman Abubakar Ɗanmusa, namu ne. Mataimakin da ya gaji kujerar, Abba Musa Rimi, namu ne. Sakataren gwamnatin, Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa ne, jikan Sarki Dikko, ɗan sarauta da ya zaɓi ɓangaren talakawa. Lawal Kaita da ya sha kaye a 1979 ya dawo ya ci a 1983. Da wuya ka tara mutum goma a Katsina ba a samu suruki ko jikan ɗayansu ba. Na taɓa sakin wata magana a kan 'yan majalisar nan, ashe mutumin da ke gefena ɗan ɗaya daga cikinsu ne. Bai ce komai ba, ya ajiye kofinsa ya tafi, sai da na bi shi har gida washegari.

In wuta ta kama, ka kai su Cile

Wani lokaci duk dabarar kofi ba ta hana murya tashi. A nan nakan ɗauke musun gaba ɗaya in kai shi ƙasar da ba wanda ke da kawu a cikinta. Cile nake kai su, can Kudancin Amurka, wajen Salvador Allende, wanda a baki Ayende ake cewa. Likita ne ɗan gurguzu da ya ci zaɓen shugaban ƙasa ranar 4 ga Satumba 1970 da kashi 36 da ɗoriya cikin ɗari, tazararsa da na biyu ba ta kai ƙuri'a dubu 40 ba. Da yake ba wanda ya haura rabi, dokarsu ta ce majalisa ce za ta zaɓa tsakanin na ɗaya da na biyu. Ta tabbatar da shi da ƙuri'a 153 a kan 35, bayan ya amince da wasu sharuɗɗan kare tsarin mulki da jam'iyyar tsakiya ta gindaya masa. Kwana biyu kafin wannan zama aka harbe babban hafsan sojan ƙasar, Janar Rene Shinaida, wanda ya tsaya kan cewa soja ba ruwansa da zaɓe. Shugaban Amurka Nikson kuwa tun a watan Satumba ya umarci hukumar leƙen asirinsa ta hana Ayende hawa, ta kuma matse tattalin arzikin ƙasar. Wannan ba zargi ba ne, binciken majalisar dattawan Amurka na 1975 ya fito da shi.

Ka bi da su kofi na biyu. Ya raba wa kowane yaro rabin litar madara kullum. A watan Yulin 1971 ya mayar da manyan ma'adinan jan ƙarfe hannun gwamnati, kuma majalisa gaba ɗayanta, har 'yan adawa, ta amince. Amma da ya zo karɓe masana'antu, ba shi da rinjayen da zai yi sabuwar doka, sai gwamnatinsa ta tono wata tsohuwar doka ta 1932 ta riƙa bi ta cikinta. Magoya bayansa suka riƙa mamaye gonaki da masana'antu, kotu ta ba da umarni a fitar da su, ba a aiwatar ba, har kotun ƙoli ta rubuta ƙorafi a watan Mayun 1973. Masu manyan motoci sun tsayar da ƙasar da yajin aiki a Oktoban 1972. Hauhawar farashi ta haura kashi 500 cikin ɗari a 1973, mata suna kwana a layin burodi. Hannun Amurka na ciki, kuskuren gwamnatin ma na ciki, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kofi na uku ne ke sa majalisarmu yin tsit. 'Yan adawa suna buƙatar kashi biyu bisa uku a majalisar dattawa kafin su tsige shi. A zaɓen Maris 1973 sun nema ba su samu ba, ɓangaren Ayende ya tashi da kusan kashi 44. Ranar 22 ga Agusta majalisar wakilai ta zartar da ƙuduri, 81 a kan 47, cewa gwamnati ta karya tsarin mulki, ƙudurin da ba shi da ikon sauke kowa. Ranar 11 ga Satumba sojan ƙasar suka yi juyin mulki, jiragen yaƙinsu suka yi ruwan bama-bamai a fadar shugaban ƙasa a Santiyago. Ayende ya kashe kansa a ciki, binciken da aka sake yi wa gawarsa a 2011 ya tabbatar da haka. Janar Pinoshe, wanda Ayende da kansa ya naɗa shugaban soja ƙasa da mako uku kafin nan, ya riƙe ƙasar har 1990. Sama da mutum 3,000 aka kashe ko aka ɓatar, dubbai masu yawa aka azabtar. Har gobe mutanen Cile ba su gama wannan musu ba.

Abin mamaki, a kan Ayende mutanenmu suna iya adalci cikin minti biyar. Tsohon ɗan NPN zai ce, a'a, ko me ya yi, wanda akwati ya kawo ba a fitar da shi da jirgin yaƙi. Tsohon ɗan PRP zai ce, amma fa shi ma da ya ga kashi 36 gare shi, da ya taka a hankali, kuma umarnin kotu ba abin wasa ba ne. Da sun faɗi haka sai in ce, to madalla, Alhaji, riƙe wannan ma'aunin da ka auna baƙo da shi, mu koma Kaduna. Laifi tudu ne, sai an hau na wani ake hango shi da kyau.

Sai dai kar ka bar su su ce labarin ɗaya ne. 'Yan majalisar Kaduna sun tara kashi biyu bisa ukun da doka ta nema, na Cile ba su tara ba. Balarabe ya fita da ƙafarsa, mataimakinsa ɗan jam'iyyarsa ya hau, ya rayu kusan shekara 40 yana sukar kowace gwamnati a gidajen rediyo, har ya yi takarar shugaban ƙasa a 2003. In wani ya ce ai da soja sun shigo sun raba rigimar tun farko, ka tuna masa sun shigo ɗin ranar 31 ga Disamba 1983, kuma ba su tambayi wa ya tsige wa ba, da mai mabuɗi da mai masara duk tsintsiya ɗaya ta share su. In a Daura kake wannan zama, ka faɗi ranar kawai ka wuce, kowa ya san sauran.

Za a tambaye ka naka ra'ayin

Ba makawa, wani zai ce, to Malam, kai me ka gani? Kar ka noƙe, mai raba faɗan da ba ya da ra'ayi ba a sake kiransa. Ga nawa. Tsigewar ta bi harafin doka, amma dokar gurguwa ce, kuma waɗanda suka yi amfani da ita sun riga sun yanke hukunci tun kafin a zauna. Wannan rabin tun 1981 nake faɗinsa. Ɗaya rabin ya ɗauke ni shekara ashirin kafin ya fita daga bakina: gwamnanmu ya ɗauki ƙuri'ar da aka ba shi ta fi wadda aka ba 'yan majalisa tsarki, saboda ya tabbata shi ne ke kan gaskiya. Mu da muke bayansa mun zuga shi a kan haka, muna kiran duk wani sassauci cin amana. Da ya ba su kujera uku ko huɗu, wataƙila da ya cika shekara huɗunsa, wataƙila kuma da sun haɗiye shi ya zama kamar kowa, ba mai tuna shi a watan Nuwamba. Kawuna ya rasu ban faɗa masa wannan rabin na biyu ba.

Sauran ƙananan abubuwa. Duk wanda ya karanto magana daga waya ya ce Balarabe ne ya faɗa, ko Malam Aminu, a tambaye shi a ina, a wace shekara. In ba amsa, a ajiye ta gefe. Kar a bar mutum ɗaya ya yi magana sau biyu kafin na ƙarshen benci ya yi sau ɗaya, don sau da yawa direban nan da ba ya son surutu shi ke da labarin da ba wanda ya taɓa ji, shi ya yi jigilar 'yan siyasa tsakanin Funtuwa da Kaduna a shekarun nan. Kuma a tashi kafin mai shayi ya fara kife tukunya, ko an gama ko ba a gama ba.

Samarin sun riga sun zaɓi na mako mai zuwa, Toma Sankara na Burkina Faso, kuma na san za mu sha wuya. Shi da juyin mulki ya shiga a watan Agustan 1983, da juyin mulki aka kashe shi a Oktoban 1987, kuma yaran nan suna sonsa fiye da yadda muka so Balarabe. Ɗaya daga cikinsu har ya ce, Baba, wannan karon a bar kofi na farko a cikin kwando. Na ce wa mai shayi ya kawo ukun duka.